WUTAR ARO DA RANAR DAMAGARAM

Ya ku 'yan'uwana talakawan Damagaram, na Birni da na Zango da na Sabon Gari, da ku manoman Mirya da Magarya da Matamaye da Tanut. Ni dai ba wani babban masani ba ne, mai koyar da yara ne kurum a wata ƙaramar lakwal ta gefen gari, kuma ban cika shekara 30 ba. Saboda haka in na yi kuskure, dattawa su gyara mini. Amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in fitar da ita a wannan takarda tamu da in yi ta gunaguni a fada wurin shan shayi.

Ran nan muna zaune bayan lisha, ga wuta an ɗauke kamar yadda aka saba, sai rediyo ya kawo labarin taron nan da manyan duniya ke yi kowace shekara a kan ɗumamar yanayi, wai lalle ne ƙasashe su rage hayaƙin da suke turawa sama, su bar gawayin ƙasa da man fetur, su koma ga rana da iska. Sai wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya ja tsaki, ya ce: "Kun ji Nasara da wayo! Sun ƙone nasu sun yi arziki, yanzu da Allah ya fito mana da namu a Agadem, sai a ce hayaƙi haramun ne." Kowa ya yi dariya, aka ce Baba ya faɗi gaskiya. Ni ma na yarda ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Ban iya musu da shi a gaban mutane ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da rabin da Baba ya faɗa, don kada a ce na zama kakakin wasu.

Hayaƙin da ake magana ba baƙin nan ba ne kaɗai mai sa ido hawaye. Wata iska ce marar launi, masana suna ce mata karbon, tana fita duk sa'ad da aka ƙona itace ko gawayi ko esansi ko gazuwal. In ta hau sama sai ta zauna can shekara da shekaru, ta zama kamar bargo: zafin rana ya shigo, amma ya kasa komawa duka. Kafin Turawa su fara cika injinansu da gawayin ƙasa, iskar nan kashi 280 ce cikin miliyan na iskar duniya. Yanzu ta haura 420. To, wa ya ƙona? Afirka duka, mutum fiye da biliyan ɗaya, abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Ɗan Nijar guda, in an raba hayaƙin mai da gawayin ƙasa a kan kowa, kamar kilo 100 yake fitarwa a shekara. Ba'amurke guda kuwa wajen tan 14. Na yi lissafin nan da yara a allo, muka tarar abin da ɗayanmu zai fitar daga wannan damina zuwa waccan, shi cikin kwana 3 ya gama da shi.

Amma da bargon ya yi kauri, wa ya fara gumi? Mu. Duk wanda ke garin nan ran 3 ga Satumba 2024 ba zai manta ba, ranar da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya ga zuwan Faransawa a 1899, ya ga tafiyarsu a 1960. A daminar nan mutum fiye da 300 suka rasu a ƙasar nan saboda ambaliya, fiye da miliyan ɗaya suka tagayyara. Mu malamai ba mu koma aji ba sai 28 ga Oktoba, domin azuzuwan da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Ba na cewa duk ruwan da ya yi ɓarna laifin hayaƙi ne, iyayenmu ma sun ga ambaliya sun ga fari. Sai dai masana sun tabbatar iska in ta yi zafi ta fi ɗaukar ruwa, kuma in ta tashi saki, a lokaci guda take saki. Shekarar 2024 ɗin nan kuwa ita ce ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo.

Alkawari kuma mun sha shi. A Kopenhagen, 2009, ƙasashe masu arziki suka ce kafin 2020 za su riƙa ba matalautan ƙasashe dalar Amurka biliyan 100 kowace shekara. Bisa ga lissafinsu na kansu ma ba su cika ba sai 2022, kuma yawancin kuɗin bashi ne. An sa hannu a Paris 2015, an koma Baku 2024 an ce biliyan 300 kafin 2035. Sa'an nan ga yuraniyum: tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, ya haskaka biranen Faransa da wutar da ba ta hayaƙi, alhali wutar da ke juya injinan ma'adinan namu gawayin Anu Araren ake ƙonawa a samo ta, kuma har yau kamar mutum ɗaya ne cikin 5 a ƙasar nan ke da lantarki a gidansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Nan kam Baba ya yi gaskiya, ba ni da abin cewa.

SAURAN RABIN

To, amma jama'a, in mun gama zagin Nasara, wutar ta dawo? Ba ta dawo ba. Muna nan cikin duhu, ana fifita da kwali. Abin da nake so mu duba shi ne, shin wannan magana ta komawa ga rana, in an cire masu faɗarta da harshen da suke faɗarta da shi, tana da amfani gare mu ko babu? Ni na ce tana da shi, har ta fi amfani gare mu bisa gare su.

Ku duba inda wutarmu ke fitowa. Ta Yamai, tun 1976, waya ce ke kawo ta daga madatsar Kainji ta hanyar Birnin Kebbi. Tamu ta nan gabas, waya ce daga Katsina zuwa Gazawa, ta rabu zuwa Maraɗi da Zinder. A 2022 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ta sayar daga Nijeriya aka sayo ta. Da al'amarin 26 ga Yuli 2023 ya faru, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, farkon Agusta aka katse wayar, ba a mayar ba sai Maris 2024. Ban zo nan don in yi shari'ar wanda ya yi daidai da wanda ya yi kuskure a rikicin nan ba, kuma ba na ɗora wa 'yan'uwanmu na Katsina da Daura da Kano laifi, su ma duhun suke sha, jininmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Abin da na gani da idona shi nake faɗi. Mai walda ya zauna hannu rabbana. Mai niƙa ya ƙara kuɗi saboda gazuwal. Tela ya koma keken ƙafa. Matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo jarinsu ya narke. Ruwan famfo, wanda ko da lafiya lau wahalarsa ba ta barin Zinder, ya ƙara wuya, domin injin da ke turo shi daga rijiyoyin bayan gari ba ya tashi da addu'a kaɗai. Wata 7 ke nan ƙasa mai tuta da taken ƙasa tana jiran wani ya murɗa mata makunni daga ƙetaren iyaka. Zanen aro ba ya rufe katara.

Wani zai ce ai muna da mai. Gaskiya ne. Matatar SORAZ, can wajen hanyar Tanut, tun 28 ga Nuwamba 2011 take aiki, ganga 20,000 a yini, kashi 60 na kamfanin Sin ne, 40 na ƙasa. Amma a Maris 2025 mun yi layin esansi a ƙasar nan, mu da matata ke bayan gidanmu, domin tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a 2023 'yan ruwa-ruwa suka rasa mai arha, kowa ya koma gidan mai, abin da ake tacewa ya kasa isa. Wutar da ake yi da gurup kuwa kowa ya san ita ce mafi tsada, kullum sai ka ciyar da inji kamar doki, kuma in ƙarfe guda ya lalace sai an aika ƙasar waje.

Rana fa? Rana ba ta bin waya ta Katsina, ba ta tsayawa a duwan, ba shugaban da zai kira taro ya sa mata takunkumi. Abin da muke kuka da shi a watan Afirilu, har muna neman inuwar bango, shi ne wasu ƙasashe ke nema ido rufe ba su da shi.

Kuma ina so in gaya wa Baba, cikin ladabi, maganar rana ba Nasara ne suka kawo mana ita jiya ba. Ɗanmu ne ya riga yawancinsu. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya yi karatu a William Ponty ya wuce Paris ya zama gwanin ilmin fizik, shi ne a 1969 ya dawo gida ya kama ragamar ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda aka kafa tun 1965. A nan Nijar, da hannun 'yan Nijar, aka ƙera tukwanen dafa abinci da rana, da na'urar zafafa ruwa, da ta tace ruwa. A shekarun 1970 akwai makarantun ƙauye a ƙasar nan da ake kunna musu talabijin ta koyarwa da faifan rana, lokacin da yawancin mutanen Turai ba su taɓa ganin faifan da idonsu ba. Mutumin nan ya rubuta littafi a 1964 a kan ilmi a Afirka, yana faɗa da karatun da mulkin mallaka ya bar mana, yana neman a koyar da yara da harshensu. Watau wanda ya fi kowa ƙin mulkin mallaka shi ne ya fi kowa riƙo da rana, kuma ba a banza ba. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Suna kam mun ba shi. Aikin ne muka bari ya yi barci.

A zamaninsa faifan rana tsada ne da shi ƙwarai. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, yanzu ga shi a kasuwar Dole ana ciniki kamar tabarma. Duk da haka tashar rana ta farko mai ɗan girma a ƙasar nan sai 2018 aka buɗe ta, a Malbaza, megawat 7. Ta biyu, ta Guru Banda kusa da Yamai, megawat 30, faifai fiye da 55,000, a 2023 ta fara aiki, daidai lokacin da aka katse wayar Kainji, ta kuwa rage wa mutanen Yamai zafi. Madalla. Amma daga Yamai zuwa nan tafiyar kilomita 900 ce. Faransawa sun ɗauke mana babban birni a 1926, kada kuma a ɗauke mana rana. Madatsar Kandaji da aka aza harsashinta a 2008, mai megawat 130, har ƙarshen 2024 ba ta ba da wuta ba, kuma ko ta bayar, kogin Kwara ba ya bi ta Damagaram. Gawayin Salkadamna da ake ta zance a jihar Tawa, ban ce kada a taɓa shi ba, amma a yi lissafi da kyau tukuna, domin tashar gawayi shekara 30 ko 40 ake gina ta ta yi, kuma masu ba da bashinta kullum raguwa suke.

Kada fa ku ce na ɗauki rana maganin kowace cuta. Ina da tabo a kan wannan. Shekarun baya wata ƙungiya ta zo lakwal ɗinmu da farar mota, aka kafa faifai 4 a kan rufin ofis, aka sa ƙwan fitila a azuzuwa 2, aka ɗauki hoto, aka tafi. Wata 18 muka yi cikin daɗi. 'Yan aji 6 suna dawowa bayan magariba su yi bita, har iyaye mata suka roƙa a buɗe musu yaƙi da jahilci da dare, na kuwa buɗe. Sai hunturu ya zo, hazo ya rufe faifan, wuta ta ragu, ba wanda ya gaya mana wanke su ake yi. Da muka gane, na sa wani yaro mai hankali yana hawa kowace Asabar da tsumma da ɗan ruwa. Sa'an nan batir ya fara kumbura, don an ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano inda zafi ke dafa ƙwai. Ran da ya mutu, wuta ta mutu. Na nemi mai gyara, wanda na samu ya ce sai dai a sayi sabo, kuɗinsa kuwa ya fi albashina na wata. Faifan suna nan lafiyarsu lau, kullum rana tana dukansu, ba abin da ke fitowa. In na ɗaga kai na gan su sai in ji kunya.

Abin da na koya shi ne, faifan da aka kawo maka kyauta ba ka san gyaransa ba, shi ma wutar aro ce, wayar ce kurum ta gajarta. In za mu koma ga rana, to sai a koyar da yaranmu. Ga jami'ar André Salifou a garin nan, ga cibiyoyin koyon sana'a a kowace komin. Kowane ƙauye mai famfon rana ya kamata a ce akwai saurayi ko budurwa biyu da suka san auna batir da haɗa waya, ana biyansu daga kuɗin ruwa. Kuma a sa ido a kan kayan da ke shigowa kasuwa, domin akwai faifan da an rubuta masa ƙarfi 200 ba ya ba da 100, talaka ya sayar da akuya ya saya, ya ƙare yana cewa rana ƙarya ce. Sa'an nan a fara da abin da ke aiki da rana tsaka, wanda ba ya bukatar batir: famfon ruwa da ke cika tanki, injin ban-ruwa na masu lambu a fadamun Mirya da Gidimuni da kwarin Korama, injin niƙa. Tankin ruwa shi ne batirin da ba ya kumbura.

MURHU DA GAWO

Yanzu in zo ga wutar da ta fi kowace girma a ƙasar nan, wadda ba a kai ta taron manya domin ta mata ce. Gida fiye da 9 cikin 10 da itace ko kara ko kashin shanu suke girki. Ku tsaya a bakin hanyar shiga gari da asuba ku ƙidaya amalanke da jakuna da manyan motoci masu ɗauke da itace, kullum daga wuri mai nisa fiye da na bara. A ajina, ranar da yarinya ba ta zo ba, ba na ma tambaya, na san ko ruwa ko itace. Iyayenmu mata kuwa shekara 40 suna durƙushe a kan duwatsu 3, hayaƙi na shiga ido da ƙirji, ga goyo a baya yana shaƙa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara. Wannan hayaƙin ba Nasara ya aiko mana da shi ba, kuma ba shi zai zo ya ɗauke mana ba.

A nan ne nake rabuwa da wasu masu wa'azin yanayi na Turai, waɗanda ke cewa ko gas ma kada a taɓa. Gas ɗin girki da SORAZ ke fitarwa daga man ƙasa yake, gaskiya ne, yana da nasa karbon. Amma matar da ta bar itace ta koma gas ta ceci itatuwa, ta ceci huhunta, ta mayar mini da ɗiyarta aji. Wanda ke girki da gas a Paris ba shi da bakin hana matar Kara-Kara. Abin da ke hana mutane ba ƙin ci gaba ba ne. Kuɗin butali na farko da kan murhu ne ke da nauyi, kuma in gas ya ƙare sai ka cika gaba ɗaya, alhali itace ana sayen na dala 20. Ga tsoron fashewa. Ga tukunyar tuwon gida mai mutum 20 da ba ta zama a kan ɗan ƙaramin murhu. Duk waɗannan suna da magani in hukuma ta so: a ba da butali na farko bashi a biya kaɗan-kaɗan ta hannun ƙungiyoyin mata masu adashi, a sa maƙeranmu su ƙera mazaunin babbar tukunya, a tabbatar gas ɗin da aka tace a ƙasar Damagaram ba ya yankewa a Damagaram. A ƙauye kuwa, inda gas ba zai kai da wuri ba, ga murhun nan "mai sauƙi" da maƙeran ƙasar nan ke yi tun shekarun 1980, yana rage cin itace ƙwarai. Ba ya kyau a hoto, shi ya sa masu farar mota ba su damu da shi ba.

Amma abin da na fi alfahari da shi, wanda ya kamata kowane ɗan Damagaram ya sani ya kuma faɗa da ƙarfi, shi ne gawo. Tsofaffi suna ba da labari cewa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya gina ganuwar Birni, sare gawo babban laifi ne mai tsananin horo. Sun san abin da suke yi. Gawo itace ne mai juya wa sauran baya: da damina yake zubar da ganye, ya taki gona, ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Sai mulkin mallaka ya zo da dokar daji ta 1935, ya ce itatuwan nan na gwamnati ne, ya sa masu gadin daji suna cin mutane tara. Da manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, jan masifa ne kurum, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Aka zo aka koya masa wai gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Fari na 1973 da yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, suka tarar da ƙasa tsirara, iska tana binne shuka sau 2 sau 3.

Daga nan ne manoma suka dawo da hankalinsu. Babu wanda ya kawo musu irin dashe. Kututturen da ke cikin ƙasa da ransa suka riƙa bari ya tofo, a zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi a kiyaye, a sassabe sauran. Shi ne sassaben zamani. A jihar Maraɗi ma'aikatan wata mishan sun taimaka wajen yaɗa shi tun 1983, a nan ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya kuwa maƙwabci ne ya gani wurin maƙwabci. Da masana suka duba hotunan sama a shekarun 2000, suka tarar an farfaɗo da gonaki wajen eka miliyan 5 ta awon hekta, itace wajen miliyan 200. Kowane ɗayansu yana zuƙe karbon ɗin nan daga iska yana ajiye shi a jikinsa da cikin ƙasa. Watau talakan da ba shi da ƙwan fitila ko ɗaya a ɗakinsa ya yi shekara 40 yana share hayaƙin da wasu suka yi, ba wanda ya biya shi ko tamma. A 2020 gwamnati ta fitar da doka mai tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. Ya kamata a karanta dokar nan da Hausa a kowace kasuwa, don har yanzu akwai mai tsoron sare reshen da shi ya raina.

A nan ina da gargaɗi. Yanzu akwai ciniki a duniya da ake kira kasuwar karbon, inda kamfanin da ke hayaƙi a can zai biya kuɗi a ce itacen wani ya shanye masa. In wasu suka zo ƙauyenku da takarda suna neman dangwala yatsa a kan itatuwanku, kada ku ƙi saurara, amma kada ku dangwala sai wani naku ya karanta muku ita da Hausa, baƙi da baƙi: shekara nawa, nawa za a biya, wa zai karɓa, kuma ko za ku ci gaba da sassabe da kiwo. Kakanninmu sun taɓa ganin takardun da ba su iya karantawa ba.

Saura mai. Baba, ban ce a rufe rijiyoyin Agadem ba. Tun 2024 bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 yana kai ɗanyen mai bakin teku a Seme ta ƙasar Benin, an gina shi don ganga 90,000 a yini. A sayar, haƙƙinmu ne. Amma ku da kuka girme mu kun ga zamanin gyaɗa, sa'ad da buhuna ke tsibi a Magarya da Matamaye, kun kuma ga yadda ta kwanta a shekarun 1970. Kun ga kuɗin yuraniyum ya hau, kun ga ya faɗo a shekarun 1980 ya bar ƙasa da bashi. Masu sayen man nan su ne yau suka fi kowa ƙera faifan rana da motoci masu batir, Sin ce kan gaba. Mai saye da kansa yana shirin ranar da zai rage saye, mai sayarwa kuwa yana rawa. Abin da nake roƙo shi ne a yanke wani kaso sananne daga kuɗin mai, a rubuta shi cikin doka, a faɗe shi a rediyo kowace shekara, a zuba shi a tashar rana a nan gabas, da famfunan ƙauye, da ɗakunan haihuwa inda har yanzu ungozoma ke riƙe tocila da baki.

Ina roƙon kowane reshe, kafin taro mai zuwa, ya rubuto abu 3 daga unguwarsa ko ƙauyensa: faifan rana nawa ne aka kafa suka mutu, me ya kashe su, kuma nawa ake sayen itacen girkin yini yanzu. Sakatare ya tattara, mu kai wa magajin gari da wakilanmu a rubuce, da sa hannu, kada su ce ba su sani ba.

Mu a lakwal ɗinmu iyayen yara sun zauna ranar Lahadi da ta wuce, sun yarda kowane gida ya kawo dala 50 a wata har kuɗin batir ya cika. Wani tsohon ɗalibi da ya koyi haɗa waya ya ce zai gina masa ɗan ɗaki na ƙasa a inuwar bedi, mai tagogi 2, don iska ta riƙa ratsawa. Yaron nan mai tsumma bai daina hawa rufi ranar Asabar ba, ko da yake na gaya masa ya huta sai batir ya zo.